Awon Ƙafar Iya Hajo

Akwai wata baiwar Allah a unguwar Jigwada, cikin garin Keffi, sunanta Hamdiya. Mace ce mai fara'a, mai sakin hannu, ba a taɓa jin kanta da maƙwabta ba. Aibinta guda ɗaya ne, kowa kuma da irin nasa: ba ta son a yi mata kallon 'yar ƙauye. Ko a mafarki wani ya kira ta haka, da fushinsa take tashi.

Mijinta Ismail ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Ya daɗe yana yi mata alkawarin zai kai ta Abuja su yi hutun ƙarshen mako a gidan yayansa Sale, ta zaga manyan kantunan nan da take gani a waya. Abuja ba nisa gare ta ba daga Keffi, amma alkawarin magidanci wani lokacin ya fi hanya tsawo.

Rannan dai ya dawo daga aiki ya ce ta shirya. Asabar da safe za su kama hanya, su dawo Lahadi da yamma. Ɗansu Akram kuwa a bar shi wurin kakarsa.

Hamdiya ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba, saboda baki. Mutum ɗaya ta faɗa wa, Bukola mai ɗinki ta Sabon Gari, don ta hanzarta gama mata leshinta. Kafin leshin ya sauka daga kan keke, labari ya riga shi isa Jigwada.

To kun san halinmu. Mai tafiya ba ya tafiya shi kaɗai, da sallahun unguwa yake tafiya. Wannan ta ce turare, waccan ta ce man gashi, wata ta ce ita dai ko ledar kantin ce a kawo mata ta gani. Hamdiya tana ta cewa an gama, an gama.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga Iya Hajo ta yi sallama.

Iya Hajo tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a bakin layinsu. Lokacin da Hamdiya ta haifi Akram, mahaifiyarta tana kwance ba lafiya a Agwada, ba ta samu zuwa ba. Iya Hajo ce ta riƙa barin kaskonta tana zuwa hura wuta, ta yi mata wankan jego har aka yi arba'in, ba ta karɓi ko sabulu ba.

Shekarun baya ɗan acaɓa ya taɓa buge ta. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma ƙafar hagun ta zauna a kumbure, ta fi 'yar uwarta girma sosai. Tun daga nan Iya ba ta sake sa takalmi iri ɗaya ba. Silifas ɗin maza a hagu, na mata a dama, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Ta taɓa sayen babban takalmi ta cusa tsumma a na dama, sai ya sulluɓe ya kayar da ita a gidan suna, gaban jama'a. Ba ta sake gwadawa ba.

A bakin kaskon ƙosai babu mai kallon ƙafar kowa. Amma yanzu ga jikarta Ihsan, marainiyar da ta rena da kuɗin ƙosai, ta gama jami'a, za a yi bikin yaye su Asabar ta sama. An ce akwai matakala, akwai ɗaukar hoto, akwai iyayen ƙawaye. Iya ta ce wa Ihsan ba za ta je ba, ƙafa ke ciwo. Yarinyar ta yi kuka ta ce in Iya ba ta je ba to ita ma ba ta ga amfanin rigar ba. Iya kuwa ta san ba ciwo ba ne ya hana ta. Silifas ne.

Ta tarar da Hamdiya gaban madubi, gyale uku a kafaɗa, tana gwada wanda zai hau da leshin. Iya ta zauna a bakin gado ta kwance wani ɗan ƙyallen atamfa. A ciki akwai kuɗinta a nannaɗe, da tsinken tsintsiya guda biyu, an ɗaure su da jan zare.

Wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan. In za a saya wa mutum takalmi ba ya wurin, sai a zaro tsinke daga tsintsiya, a auna daga diddige zuwa babban yatsa, a karya daidai wurin, a ba mai tafiya.

“Maman Akram, ga awon ƙafata,” in ji Iya. “Biyu ne, kowace ƙafa da nata. Dogon na hagu ne, mai rigimar. An ce a can Abuja babu abin da babu. Ki samo min rufaffe mai laushi, wanda ba zai kunyata min yarinya ba. In an samu zan je. In ba a samu ba, Allah bai nufa ba.”

“An gama, Iya,” Hamdiya ta ce, idonta na kan madubi. Kunne ya ji, amma zuciya tana wajen gyale. Ta tura ƙyallen cikin jaka, ta tambayi Iya ko ruwan toka ya fi ko ruwan goro.

Asabar suka kama hanya a tsohuwar motar Ismail. Suka wuce Masaka lafiya, suka zo Mararraba suka shiga cunkoson da kowa ya sani, mai sayar da ayaba yana tafiya a ƙasa yana wuce su. Hamdiya ta hana a sauke gilashi kada ƙura ta ɓata mata kwalliya, motar kuma ba ta da sanyi. Ismail ya ce in suka isa da rai sai ya yi sadaka.

A gidan Yaya Sale aka tarbe su da waina da miyar taushe. Matar gidan, faccalar Hamdiya, kowa Anti Amarya yake ce mata. An kawo ta gidan tun Ismail yana sakandare, 'ya'yanta sun fi ta tsawo yanzu, amma sunan ya ƙi sakinta. Ma'aikaciya ce, ita ke tuƙa motarta. Ba ta taɓa faɗa wa Hamdiya maganar raini ba, amma Hamdiya in tana kusa da ita sai ta riƙa jin kamar ɗankwalinta ya karkace.

Maza suka ce su kasuwar kayan mota za su. Mata suka shiga motar Anti sai babban kanti.

Gini ne hawa-hawa, duk gilashi, filin ajiye motoci kaɗai ya isa a ci kasuwar mako a cikinsa. A ƙofar shiga akwai mata masu gadi, kowa sai ta buɗe jakarta an duba. Hamdiya ta shiga layi, bayanta wasu mata ne masu manyan baƙaƙen tabarau, ƙamshinsu ya riga su isowa.

Mai gadin ta sa hannu cikin jakar. A hanya ƙyallen Iya ya kwance, sai hannunta ya fito da tsinken tsintsiya biyu da jan zarensu. Ta ɗaga su sama tana juyawa, ta tambayi madam wannan kuma mene ne.

Anti Amarya ta leƙo, ta gani, sai ta yi dariya.

Wannan dariyar ce ta yi aikin. Hamdiya ta ji kamar an yaye mata gyale a tsakiyar kasuwa. Ta tabbata matan bayanta sun gani, sun kuma gane daga inda ta fito.

“Shara ce,” ta ce da sauri. “Yaro ne ya zuba min a jaka.”

Ta karɓe, ta jefa a kwandon sharar da ke gefen ƙofa, ta karkaɗe hannu. A ranta ta ce ai takalmin tsohuwa ba abin wahala ba ne. Iya 'yar ƙaramar mace ce, da ido ma za ta iya zaɓo mata.

Suna shiga sanyi ya buge ta, ta manta da komai.

Gaskiya ta sha kallo, ta kuma ji daɗi. Ga layin shinkafa iri-iri, ga sabulai har gaban ido ya gaji, ga tukwane suna ƙyalli kamar ba za su taɓa ganin wuta ba. Ta ɗauki wani faranti ta buɗe baki za ta ce nawa za a rage, sai ta ga babu ma wanda za ta faɗa wa, farashi na manne a jiki yana kallonta. Ta mayar da maganar ciki ta yi tari.

Da suka zo matakalar nan mai tafiya da kanta, ta tsaya kamar tana neman abu a waya, ta bar mutane suka wuce tana nazarin yadda suke sa ƙafa. Sannan ta karanta addu'ar shiga mota a zuci, ta taka. Ta riƙe gefen da hannu biyu, fuska kuwa a sake, wai ita ta saba.

A hawa na biyu ta gamu da abin da ya kawo ta. Wata jaka ce ruwan zuma mai sarƙa, ta daɗe tana kallon hotonta a waya, dominta ta adana kwasar adashenta. Ta rataya ta, ta je gaban madubi ta juya hagu ta juya dama. Anti ta ce kamar don ita aka yi. Jaka ta shiga keken zuba kaya, saura biya a ƙasa.

Suka sayi turaren mutane da man gashinsu. Lokacin azahar ya yi, suka nemi ɗan masallacin mata suka yi salla. Suna fitowa Hamdiya ta tuna saura takalmin Iya.

A sashen takalma wata yarinya ce ke kula da masu saye, an rubuta Mabel a ƙirjin rigarta. 'Yar wajen Akwanga ce, Hausa a bakinta. Hamdiya ta ce tana son rufaffen takalmi mai laushi na tsohuwa. Mabel ta tambayi lamba. Hamdiya ta ɗan kalli sama ta ce talatin da takwas zai yi.

Mabel ta kawo, an sa a kwali, sai ga wani dattijo ya iso. Shadda ce a jikinsa mai tsayawa da kanta, agogo yana walƙiya, irin mutanen da in sun shigo wuri ake gyara tsayuwa. Ya gaisa da Mabel, ya cire hularsa, ya sa yatsa a cikin naɗinta, ya zaro tsinken tsintsiya.

“Na mahaifiyata ne,” ya ce. “Duba min mai laushi, 'yata, ba ta son mai matse yatsu.”

Mabel ta karɓa da hannu biyu. Ta bi layin takalma tana zura tsinken a ciki ɗaya bayan ɗaya, kamar abin da take yi kullum. Babu wanda ya juyo ya kalli dattijon. Shi ma bai duba ko ana kallonsa ba.

Anti Amarya ta taɓo Hamdiya tana murmushi.

“Kin ga abin da ya ba ni dariya ɗazu a ƙofa. Na ɗauka awon ƙafa kika zo da shi. Innarmu na tuno, Allah ya jiƙanta. Duk zuwana gida sai ta ba ni tsinke, har da na maƙwabta, wai ita ba ta yarda da lamba ba, lamba ƙarya take yi. Na ce ashe har yanzu ana yi. Sai kuma kika ce shara ce.”

 Sai yanzu maganar Iya da kunnen Hamdiya ya ajiye ta iso zuciya. Biyu ne. Kowace ƙafa da nata. In ba a samu ba, Allah bai nufa ba. Ta ga silifas shuɗi da kore. Ta ga Iya tsugune gaban murhu da asuba tana hura wutar ruwan wankanta, hayaƙi na shiga mata ido.

Ta kalli kwalin da ke hannunta. In ta kai wannan Keffi bai shiga ba, babu sauran lokacin gyara. Iya za ta yi godiya, ta sa albarka, ta tura shi ƙarƙashin gado, ranar Asabar kuma ta zauna a gida.

“Anti,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “ƙarya na yi. Awon ƙafa ne. Na Iya Hajo ne, wadda ta yi min wankan jego. Kunyarki na ji.”

Anti ta dube ta. Hamdiya ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

“Kunyata? Ni da na zo garin nan da kaza a cikin kwali?” Anti ta cire gyalenta ta ɗaure a ƙugu. “To tsayuwar me muke yi? Mabel, riƙe mana keken nan.”

Wannan karon Hamdiya ba ta tsaya nazarin matakala ba. Ba ta ma san lokacin da ta sauka ba.

Suka isa ƙofa, kwandon shara wayam, an sa masa sabuwar leda. Mai gadin ta ce yanzun nan Ruben mai shara ya kwashe, ya zagaya baya. Suka bi bayan gini da sauri, leshi yana jan ƙasa. Can suka hango shi ya tara manyan baƙaƙen ledoji yana jiran motar kwasa.

Da ya ji bayani bai yi dariya ba. Ya nuna ledar da ya ce ta ƙofar gaba ce, ya kwance bakinta, ya ce madam ta matsa kada kayanta su ɓaci, shi zai duba.

“A'a, bawan Allah, na gode,” in ji Hamdiya. “Hannun da ya jefa shi zai ɗauko.”

Ta naɗe hannun leshin Bukola, ta tsuguna.

'Yan uwa, sharar masu kuɗi ma shara ce. Ga kofunan ayis kirim sun narke, ga ƙashin kaza, ga ɓawon ayaba, ga takardun goge baki. Ga kuma tsinken sakace da na tsire birjik, kowanne ta ɗaga sai gabanta ya faɗi ta ga ba shi ba ne. Anti tana riƙe da bakin leda tana cewa ki duba jan zare, ki duba jan zare.

Wurin kuma ba ɓoyayye ba ne, yana kallon filin motoci. Kunyar da ta guda a gaban mutum uku, ga ta nan ta same ta a gaban duk mai wucewa. Kamar da gayya, sai ga ɗaya daga matan nan masu baƙin tabarau ta zo buɗe motarta. Ta tsaya, ta sauke tabarau, ta tambaya ko ɗan kunnen gwal ne ya faɗi.

Hamdiya ta ɗago, gumi ya wanke hodar da ta hana a sauke gilashi dominta. Ta ga babu sauran abin ɓoyewa.

“Tsinken tsintsiya nake nema, Hajiya.”

“Na takalmi?” matar ta ce. “Ayya. Allah ya sa ki gani. Ni nawa a cikin bayan waya nake sa shi, don ya taɓa karye min a jaka.”

Ta shiga motarta ta tafi. Anti Amarya ta yi dariya har sai da ta saki bakin ledar.

Can ƙasa, manne da wani kofi, jan zare ya leƙo. Hamdiya ta zaro a hankali kamar mai cire ƙaya. Duka biyun suna nan, babu wanda ya karye, sai dai sun sha ayis kirim sun ƙoshi. Ta yi hamdala a fili. Ruben ya kawo ruwa a gora ya zuba mata ta wanke hannu da tsinken, ta yi masa alheri, ya ce a gaida Mama.

Da suka koma sama, Mabel ta kwance zaren ta fara zurawa. Gajeren ya zauna daidai a lamba talatin da tara. Dogon ya ƙi shiga ko'ina sai a arba'in da biyu. Wanda Hamdiya ta zaɓa da ido, ko ƙafar mai lafiyar ba zai shiga ba.

Sai aka zo wata gaɓar. Mabel ta je ta tambayi shugabanta ko za a haɗa ƙafa ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Ta dawo ta ce a yi haƙuri, ba a raba takalmi da ɗan uwansa. Mai son ƙafa biyu mabambanta sai ya sayi kwali biyu. Ashe ko a Abuja akwai abin da babu.

Kuɗin da Iya ta nannaɗo na kwali ɗaya ne. Na Hamdiya kuwa duk sun tafi a kan abin da ke cikin keke.

Ta kalli jakar ruwan zuma. Jakar ma kamar tana kallonta. Anti ta fara zuge zif ɗin tata jakar, Hamdiya ta dafe mata hannu.

“Bari, Anti. Ni aka yi wa wankan jego.”

Ta ɗauki jakar, ta shafa sarƙar sau ɗaya, ta mayar da ita inda ta ɗauko. Ba za a ce ba ta ji zafi ba, ta ji. Amma da aka miƙo mata kwali biyu na takalmi baƙi mai laushi, sai ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta.

Sauran hutun ya yi daɗi fiye da farkonsa. Ranar Lahadi suka zaga wata kasuwa, inda Hamdiya ta samu masu yin ciniki ta rama duk tayin da ta haɗiye jiya. Ita da faccalarta suka ci gasasshiyar masara a tsaye a bakin titi, ba ta duba ko ana kallo ba. A hanyar dawowa Ismail ya tambayi ina jakar da aka hana shi barci da labarinta. Da ya ji yadda aka yi, ya ce shi dai abin da ya fi ba shi takaici, bai samu hoton tonon sharar ba. Gilashin mota kuwa a sauke aka dawo da shi.

Ko kaya ba ta kwance ba ta shiga gidan Iya Hajo.

Iya ta wanke ƙafa ta goge. Ta yi bismilla ta zura na dama, ya zauna. Ta zura na hagu, mai rigimar, ya shige ba gardama. Ta miƙe, ta taka zuwa bakin rijiya, ta dawo, ta sake komawa. Tana ta kallon ƙafafunta, karon farko cikin shekaru sun sa kaya iri ɗaya. Sai ta share ido da bakin zani ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Hamdiya ta miƙa mata tsinkenta. Iya ta karɓa, ta kai hanci, ta sake kaiwa.

“Maman Akram, tsintsiyata ba ta ƙamshin madara. Ina tsinken nan ya shiga?”

Hamdiya ta zauna a kan tabarma ta faɗa mata komai, tun daga ƙofa har bayan gini, ta ce Iya ta yafe mata. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe tsinkenta ya riga ta shan daɗin Abuja. Da dariyar ta lafa sai ta dafa kan Hamdiya.

“Me zan yafe, 'yata? Ciwonmu ɗaya. Ke kin ji kunyar tsinke, ni na ji kunyar silifas har na sa marainiya kuka. Sai dai ke kin tona shara kin gyara naki. Allah ya ba ki masu tona miki.”

Ranar Asabar Iya Hajo ta hau matakalar ɗakin taro da ƙafarta, babu mai riƙe ta. Ihsan ta cire hular bikin ta ɗora mata a kan ɗankwali aka ɗauki hoto. Iya ta ce wa mai hoton ya ja da baya, ƙafa take so ta fito.

Ragowar takalman biyu, babba na dama da ƙarami na hagu, ta rataye su a rumfar ƙosai. Duk wanda ya tambaya sai ta ce cigiya take, wataƙila Allah ya yi wata mai irin ƙafarta a juye. Daga nan kuma sai ta ɗora da labarin wadda ta sayo, ta ce duk Jigwada babu mai riƙon sallahu kamar Maman Akram.

Wannan yabon ne ya jawo wa Hamdiya aiki. Da aka ji za ta sake komawa Abuja gabanin Salla, ranar Juma'a gidanta ya cika. Kowa da tsinkensa, wani da baƙin zare, wani da fari, wani an ɗaura masa ƙyalle don a gane mai shi. Bukola ma ta aiko da na mahaifiyarta daga Sabon Gari. Ismail ya leƙa jakar ya ce saura kaɗan a haɗa tsintsiyar share tsakar gida.

A ƙofar kantin, mai gadin nan ce dai. Ta sa hannu, ta fito da dami guda, ta ɗaga sama ta kalli Hamdiya. Layi ya yi tsawo a baya.

Hamdiya ta gyara gyalenta, ta ce yadda na ƙarshen layi zai ji:

“Awon ƙafar mutanen unguwarmu ne, daga Keffi. Riƙe a hankali, kada ki karya min na wani.”

Darasi: Sallahu amana ne, ko da tsinken tsintsiya ne, kuma Allah zai tambaye mu a kansa. Kada kunyar idon da bai san ka ba ta sa ka jefar da haƙƙin wanda ya san ka ya kuma yi maka rana. Sau da yawa mutanen da muke ɓoye wa asalinmu, irin tsinkenmu ne a cikin hularsu. In kuma an riga an yi kuskure, a tsuguna a tono shi tun motar shara ba ta zo ba. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, musamman mai shirin tafiya da saƙon wani a jakarta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.